A Bar Mana Kan Jirgi Ko Guda Ɗaya a Kaduna: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya

Zuwa ga Manajan Darakta da sauran shugabannin Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya taya ku riƙon wannan amana da aka ɗora muku.

Ni tsohon malamin firamare ne. A Kaduna aka haife ni, a nan na yi aikina har na ajiye alli. Ban taɓa aiki a reluwe ba ko na yini ɗaya, kuma ba kwangila nake nema ba. Kallo ne kawai ya haɗa ni da ku. Tun ina ɗan shekara bakwai nake zuwa tasha in tsaya in kalli jirgi yana shigowa yana fita, yau ga shi furfura ta cika mini kai ban daina ba. Mu masu wannan ɗabi'a muna da yawa a garin nan fiye da yadda ake zato, sai dai ba mu da ƙungiya, ba mu da mai magana da yawunmu. Shi ya sa na ɗauki alƙalami da kaina. Roƙona shi ne ku ware mana tsohon kan jirgi, wato injin da ke jan taragu, ko da guda ɗaya ne, da 'yan taragu, ku ajiye su a tsohuwar tashar Kaduna, ku kuma ba mu wurin da za mu tsaya da yaranmu mu yi kallo ba tare da mun zame muku abin damuwa ba.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya fara kai ni tasha. Mai zuba kwal ne a jirgi. Idan ya dawo daga tafiya, idanunsa da haƙoransa kaɗai ke fari, sai ya yi wanka biyu kafin kakata ta yarda ya zauna a kan tabarmarta. Ranar da ba shi da aiki yakan riƙe hannuna mu gangara tashar da ke kudancin kogi, wadda ake kira Kaduna Junction, ya zaunar da ni a kan wani benci, ya ce in buɗe kunne kafin in buɗe ido. Gaskiya ya faɗa. Kafin ka ga jirgi za ka ji shi. Ƙararrawa za ta kaɗa a ofishin shugaban tasha, hannun sigina ya sauka, sai ƙarfen layin ya fara wani ɗan kuka siriri. Nan da nan 'yan talla sun miƙe: masu dafaffen ƙwai, masu rake, masu gyaɗa da ƙosai, 'yan fura da ƙwaryarsu a ka. 'Yan dako suna gyara gammo. Can sai hayaƙi ya bayyana a saman itatuwa, jiniya ta tsage, ƙasa ta soma rawa a ƙarƙashin ƙafarka. Idan kan jirgin ya wuce ta gabanka, zafinsa kan doki fuskarka kamar ka leƙa maƙera, ga warin kwal da mai, ga tururi yana fita ta gefen ƙafafu. Ko ya tsaya ba ya yin shiru, numfashi yake ta yi kamar ingarman da ya sha sukuwa.

Kawu ne ya nuna mini yadda abin yake aiki, da sanda a ƙasa. Wuta tana dafa ruwa a cikin wata doguwar tukunya, tururin ya taru ya rasa mafita, sai a sake shi cikin wasu bututu ya tura ƙarfe, ƙarfen ya tura sandunan da ke haɗe da ƙafafu, ƙafafun su juya. Akwatin da ke bin kan jirgin a baya na kwal ne da ruwa. Don haka ake gina manyan tankuna a tashoshi, domin jirgi yana shan ruwa fiye da garken shanu. Ya ce mini aikinsa ba watsa kwal cikin wuta ba ne kawai, sai ka san kusurwar da ta yi sanyi, ka san hawa na tafe tun da sauran nisa ka tara wa direba tururi, in ba haka ba jirgi ya sare a tsakiyar tudu da mutane ɗaruruwa a bayanka. Ya kuma nuna mini ɗan ƙarfen nan da ake miƙa wa direba kafin ya bar tasha. Da yake layi ɗaya ne mai zuwa da mai dawowa suke bi, duk wanda ba ya riƙe da shi ba shi da izinin shiga tsakanin tasha da tasha. Na yi shekaru ina koyar da kimiyya a aji biyar da aji shida, ban taɓa samun darasin da ya shiga kan yara kamar wannan ba, alhali da baki kawai nake ba su, da zane a allo.

A tashar nan na koyi haɗa baƙi, da allunan da ke jikin taragu. Akwai wasu kawunan jirgi da aka ƙero a Birtaniya aka sa musu sunayen kogunan ƙasar nan, an rubuta a kan farantin ƙarfe an manna a gefe. Sai na zo na san sunan kogi tun ban san jihar da yake ba. A nan kuma na fara jin Yarbanci da Ibo da Tibi da Barbarci a wuri ɗaya. Jirgin Ikko ya shigo da goro da mutanen Kurmi, na Fatakwal ya biyo ta Makurɗi da Kafanchan, a haɗu a Kaduna, masu wucewa Zariya da Kano su wuce. Tashar ta ga ranakun farin ciki, ta kuma ga na baƙin ciki, domin manyanmu ba su manta yadda ta cika maƙil da masu barin Arewa a 1966 ba, kuma ni ma ina iya tuna fuskar kawu a kwanakin nan, ba ya magana da kowa.

Ranku ya daɗe, kun fi ni sanin tarihin hukumarku, amma ku ba ni dama in faɗe shi yadda ya iso gidanmu. Mahaifin kawu, kakana ke nan na wajen uwa, yana cikin waɗanda aka ɗebo daga ƙauye aka kai aikin diga. An fara shimfiɗa layin daga Baro a bakin Kwara a 1907, zamanin Gwamna Girouard, ya biyo ta Minna, ya tsallake kogin Kaduna, ya ratsa Zariya, ya isa Kano a 1911. Da hannu aka yi shi, da diga da shebur da kwandon ƙasa a ka, kuma yawancin waɗanda suka yi shi ba da son ransu suka zo ba, ta hannun sarakuna da hakimai aka tattaro su. Abin ya girgiza ƙasar Zazzau har Sarki Aliyu Ɗansidi ya yi masa waƙa, wadda aka sani da Waƙar Diga. A 1912 aka haɗe wannan layi da wanda ya taso daga Legas ya zama reluwe guda. Shekara biyar bayan haka, a 1917, aka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru aka dawo da ita Kaduna, kuma layin dogo da ruwan kogi suna cikin manyan dalilan zaɓen wurin. Zuwa 1927 layin gabas, wanda aka fara don kwasar kwal ɗin Inugu zuwa Fatakwal, ya iso ya haɗe da na yamma a nan. Yawancin manyan garuruwanmu ganuwa ce ta haife su, ko kasuwa, ko gidan sarauta. Kaduna kuwa jirgi ne ya yi mata wankan jego. Gyaɗar Kano da audugar Funtuwa da Gusau da fatu da shanun Nguru, duk ta ƙofarmu suka bi zuwa teku. Masaƙun Kakuri ma, da suka fara tashi a 1957, ba a banza aka dasa su a gefen layi ba.

To, garin da yake da irin wannan asali, yau ina yaro zai je ya ga abin da ya haifi garinsu?

Na yi murna ƙwarai da sabon jirgi. Ranar 26 ga Yuli, 2016, da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe layin Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, ban iya zama a gida ba a makon nan, sai da na je na gan shi da idona. Na hau shi sau da dama tun daga lokacin, kuma ina addu'ar Allah Ya nuna mana kammala na Kaduna zuwa Kano, wanda aka aza harsashinsa a 2021. Amma akwai abin da yawancin fasinjoji ba su lura da shi ba, wanda ku kun san shi sarai. Faɗin tsohon layi milimita 1,067 ne, na sabo kuwa 1,435. Kan jirgin da aka ƙera don tsohon layi ba zai taɓa taka sabon ba. Duk kilomitar da aka ƙara ta sabon layi, tsofaffin injina da taragu suna ƙara zama marayu. Na kwal sun daɗe da yin shiru, tun da masu shan dizal suka fara shigowa a 1955, shekarar da aka kafa hukumarku, suka yi ta ture su sannu a hankali. Yanzu su ma na dizal ɗin, waɗanda suka ja jirgin Legas zuwa Kano, tafiyar fiye da kilomita 1,100, har lokacin da aka farfaɗo da shi a ƙarshen 2012, layi ya zo kansu. Ƙarfen da aka bari a fili kuwa makomarsa sananniya ce: damina ta ba shi tsatsa, ciyawa ta rufe shi, ɓarayi su zare tagulla da wayoyin da ke ciki, daga ƙarshe a yanka gangar jikin a auna a sikeli.

Ba na cikin masu cewa kada a sayar da komai. Hukuma tana bukatar kuɗi, filin tasha yana bukatar sarari, kuma tarago ɗari da suka ruɓe ba su da wani amfani ga kowa. Abin da nake cewa shi ne a yi zaɓe kafin a yi gwanjo. Manomi ma idan zai kai hatsi kasuwa, sai ya fara cire iri. A tura injiniyoyinku su zagaya Kaduna da Zariya da Kafanchan da Minna, su duba abin da ya rage, su sa wa mafi lafiya alama da jan fenti cewa wannan ba na sayarwa ba ne. Idan Allah Ya sa akwai sauran na kwal da bai gama lalacewa ba a ko'ina cikin ƙasar nan, shi ne babban abin nema, ko ba zai sake tashi ba. Idan babu, a ba mu na dizal mafi tsufa. A haɗa masa da taragon fasinja guda, irin mai bencin katako da talakawa suka sha zama a kai, da taragon kaya guda, da na shanu in an samu. Sannan ƙananan kayan da ba a ɗauke su a bakin komai ba, waɗanda su ne suka fi saurin ɓacewa: ƙararrawar tasha, fitilar hannu mai ja da kore, tutoci, usur, hular shugaban tasha, tsofaffin tikiti na kwali, abin huda su, jadawalin tafiya, da hannun sigina ko da guda.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinku. A harabarku ta Ebute Metta a Legas akwai gidan nan na Jaekel, wanda aka gyara aka mai da shi ɗan gidan tarihin reluwe, mutane suna zuwa suna gani. Na yi farin ciki da wanzuwarsa. Sai dai yaron da ke makarantar gwamnati a Tudun Wada ko Unguwar Mu'azu ko Kakuri, yaushe zai je Legas? Mu ma a nan muna da misali a gabanmu. 'Yar gadar ƙarfen nan ta Gwamna Lugga, daga Zungeru aka kwance ta aka kawo ta Kaduna aka sake ɗaurawa a lambun Gamji, ga ta nan har yau ana kai yara suna ɗaukar hoto a kanta. Wani ne a wancan lokaci ya ga darajarta ya hana a jefar. Kan jirgi bai fi ƙarfin a yi masa haka ba, balle ma shi ba sai an kai shi ko'ina ba, yana kan layinsa.

Kuɗin ma, in an bi ta hanyar da ta dace, ba zai kai yadda ake tsoro ba. Rumfa ce ta kwano, da shinge, da fenti, da mai gadi. Garin nan cike yake da masu hannu. Maƙeran kasuwar Panteka da masu walda babu irin ƙarfen da ba su iya sarrafawa ba, ga ɗaliban injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a maƙwabtansu, ga Cibiyar Fasahar Sufuri a Zariya. A ba ɗalibai kankare tsatsa da gyaran kan jirgi ɗaya a matsayin aikin kammala karatu, ƙarƙashin idon injiniyoyinku, za su koyi abin da takarda ba za ta koya musu ba. Ga gidan tarihi na ƙasa a kan titin Ali Akilu, ga Gidan Arewa, ga ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa reshen Kaduna, waɗanda suka san yadda ake adana abu da rubuta bayaninsa. Ina roƙo dai bayanin ya zo da Hausa tare da Turanci, har da ajami in zai yiwu, don dattijon da bai yi boko ba ya karanta da kansa.

Abin da ya fi damuna ma ba ƙarfen ba ne, mutanen ne. Kawuna ya rasu, Allah Ya jiƙansa, kuma ya tafi da abubuwa da yawa da ban yi hankalin tambayarsa ba sai da ƙasa ta rufe masa ido. Amma har yanzu akwai sauran tsofaffin direbobi da masu zuba kwal da masu duba layi da shugabannin tasha, a Kaduna da Sabon Garin Zariya da Kafanchan, suna zaune a ƙofar gida ba mai tambayarsu komai. Akwai wanda muke haɗuwa da shi a masallaci, idonsa ya yi rauni ƙwarai, amma ya taɓa lissafa mini tashoshin da ke tsakanin Kaduna da Minna a jere, da inda ake shan ruwa, da inda hawa yake wahalar da jirgi, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sunayensu suna cikin littafin fanshonku. A neme su, a ɗauki muryarsu da hotonsu tun suna iya magana. Wanda yake da sauran ƙarfi a ba shi kujera a gindin kan jirgin nan da ɗan abin goro, ya riƙa yi wa yara bayani. Ina tabbatar muku zai zo tun kafin a buɗe ƙofa.

Sai batun wurin tsayawa, kuma a nan ina taka-tsantsan da harshena. Babu ɗan Kaduna da ya manta daren 28 ga Maris, 2022, da aka kai wa jirgi hari a kusa da Katari, aka kashe mutane, aka kwashe wasu zuwa daji, na ƙarshensu ba su dawo gida ba sai a watan Oktoba, jirgin kuma bai koma aiki ba sai 5 ga Disamba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyalansu haƙuri. Bayan wannan, duk tsaurin da aka ƙara a tasha daidai ne, kuma mutumin da ya tsaya yana ƙare wa jirgi kallo ba tikiti a hannunsa, dole a tambaye shi abin da ya kawo shi. Ni da kaina, ranar da na ɗauki jikana zuwa Rigasa don ya ga jirgi, ban nemi shiga ba. Daga nesa muka tsaya, na ɗora shi a kafaɗa, ya hango rufin taragu suna wucewa. Duk da haka bai yi barci da wuri ba a daren, yana ta tambayata me ke jan su, me ya sa ba sa sauka daga kan ƙarfen, wa ke gaya wa direba ya tsaya. Washegari na tarar ya jera gwangwanayen madara ya ɗaure su da zare.

Irin wannan yaro nake nema wa hanya. A keɓe wani ɗan wuri mai shinge a gefen dandamali, da ƙofarsa daban, a caje mutum, ya nuna katin shaida, ya sayi ɗan tikitin kallo mai sauƙin kuɗi, ya zauna rabin awa ya ga shigowar jirgi da tashinsa, ya fita. Ko a sa rana ɗaya a wata ga makarantu, a rubuto takarda tun da wuri, malamai su rako yara cikin layi, ma'aikacinku ɗaya ya zagaya da su. A faɗa a fili inda aka yarda a ɗauki hoto da inda aka hana, kowa ya san iyakarsa. Wannan zai fi muku sauƙi a kan masu leƙe ta bayan katanga da ba ku san ko su wane ne ba.

Kuma akwai ribar da za ku samu wadda ba ta shiga littafin kuɗi. Kullum muna jin kukan da kuke yi kan masu kwance ƙarfen layi da masu jifan taragu da duwatsu da masu tsallaka layi da gangan jirgi na tafe. Jami'an tsaro ba za su iya tsare kowane taku na layin da ya ratsa daji da ƙauyuka ba, sai da idon mutanen da ke zaune a gefensa. A zamanin kawu, idan yaro ya ɗora dutse a kan layi, kafin ma'aikaci ya gani dattijon unguwa ya riga ya ja masa kunne, domin kusan kowane gida akwai mai ci daga reluwe, kowa yana ganin jirgin nasa ne. Yaron da aka taɓa ɗaga shi aka sa shi a kujerar direba, aka bar shi ya taɓa abin busa jiniya, da wuya ya girma ya ɗauki dutse ya jefi gilashin jirgi. A cikin irinsu ne kuma za ku samu direbobi da injiniyoyin da za su riƙe layin Kano da na Maraɗi idan an gama.

Ina roƙon gwamnatin jiha da masu martaba sarakunanmu da 'yan majalisarmu, duk wanda wannan takarda ta isa gare shi, ya sa baki. Amma makullin yana hannunku, domin kayan naku ne, filin naku ne, kuma sa hannun mutum ɗaya a ofishinku ya isa ya fitar da kan jirgi ɗaya daga jerin na gwanjo tun a wannan wata.

A nawa ɓangaren, ina da fitilar hannun kawu da hularsa, da wani tsohon hoto nasa tsaye a gaban injinsa da shebur a kafaɗa. Shekara da shekaru suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona. Ranar da kuka kafa rumfar nan, ni zan kawo su da hannuna, kuma na san gidaje aƙalla uku a unguwarmu da za su fito da nasu. In kuna bukatar wanda zai riƙa karɓar 'yan makaranta ranar Asabar, ina nan, ba sai an biya ni ba.

Allah Ya ba ku ikon dubawa, Ya tsare matafiya da ma'aikatanku a duk inda suke.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta,
Kaduna.